Abin da ya kamata ku sani game da yanke babbar shawarar kasuwanci: ta fim daban, ta Rano da Kibiya daban

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san fitowar nan. Alhaji na zaune a ofis mai sanyi, babbar riga ta sha aiki, wayoyi biyu a kan tebur. Yaronsa ya yi sallama ya shigo da fayil, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, kwangilar nan ta fito." Alhaji ya buɗe shafin farko, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, kiɗa ya ɗan tashi, sai ya zaro biro ya rattaba hannu. "A tura musu miliyan 500 yau ɗin nan." Magana ta ƙare. A fitowa ta gaba, ko dai ka gan shi yana tarewa a sabon gida, ko kuwa ya dafe ƙirji ya zube saboda an damfare shi. Wanne ne zai faru a ciki ya danganta da halinsa: in mutumin kirki ne zai ci riba, in azzalumi ne zai karye.

Ban ga laifin masu shirya fim ba. Suna da awa ɗaya ko biyu, kuma babu ɗan kallon da zai zauna ya kalli mutum yana danna kalkuleta na tsawon mako uku. Finafinan Indiya da muke ƙauna ma haka suke. A fim ɗin Guru na 2007, wanda Abhishek Bachchan ya ja, ɗan ƙauye ya zama hamshaƙin mai masana'anta kafin a tashi daga kallo, waƙa guda kan haɗiye shekaru da dama. Abin dariyar shi ne, furodusan da ya sa Alhaji ya sa hannu cikin minti ɗaya, shi kansa ya yi watanni yana neman kuɗin fim ɗin, yana lissafin kuɗin jarumai da hayar gida da abincin ma'aikata. Tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, harkar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, babu wanda ya fi shi sanin cewa kuɗi ba sa fita haka nan.

Matsalar tana ga matashin da ya taso a Rurum ko Tarai, ya tara ɗan abin da ya tara a noman rani, ko rabon gado ya faɗo hannunsa, alhali bai taɓa zama inda manya ke ƙulla ciniki ba. Abin da ya gani a allo shi ne makarantarsa. Sai ya ɗauka cewa babban ɗan kasuwa shi ne mai saurin cewa "na saya", mai jinkiri kuwa matsoraci ne.

Abu na farko da fim ke yankewa shi ne lokaci

Aliko Dangote ya bayyana aniyarsa ta gina matatar mai a 2013. An fara maganar dala biliyan 9, kuma da farko a Olokola aka nufi kafa ta, a iyakar jihohin Ogun da Ondo, daga baya aka koma Lekki a Legas. Ba a yi bikin buɗe ta ba sai ranar 22 ga Mayu, 2023, bayan kuɗin sun doshi dala biliyan 20, fetur ɗinta kuma bai shiga kasuwa ba sai a watan Satumba na 2024. Shekara 11 ke nan tsakanin furta magana da ganin digon fetur. A cikinsu an canza wuri, an canza girman aikin, naira ta faɗi ba sau ɗaya ba, annobar korona ta tsayar da duniya. A kowace gaɓa sai an sake zama an sake tambaya: a ci gaba ko a tsaya?

Ba sai mun je Legas ba. Sunan Rano a yau yana rubuce a gidajen mai a faɗin ƙasar nan, saboda kamfanin A.A. Rano na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, wanda ya fara harkar mai tun a shekarun 1990. Sunan bai hau jikin jirgin sama ba sai a 2023, lokacin da Rano Air ya fara jigilar fasinja da ƙananan jirage samfurin Embraer. Kusan shekara 30 tsakani. Shi kansa lasisin jigilar, hukumar kula da sufurin jiragen sama ba ta bayar da shi sai kamfani ya bi matakai biyar, har da gwajin tashi babu fasinja. Gidan mai guda ɗaya ma, na bakin titin Rano, yana buƙatar takardar fili, da amincewar hukumar tsara birane, da ta 'yan kwana-kwana, da lasisin hukumar da ke kula da harkar mai, tun kafin a haƙa ramin tanki.

Saboda haka in kun ji dattijo ya ce wa dillali, "A ba ni kwana biyu in yi shawara," kada ku ɗauka ya ji tsoro. A kwanakin nan zai aika yaro ya ƙirga motocin da ke bin hanyar daga asuba zuwa magariba. Zai tambayi wanda ya taɓa yin sana'ar ya bari, don ya fi wanda ke cikinta faɗin gaskiya. Zai je da ƙafarsa, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Dillalin da ya ce "in ba yau ba, wani zai ɗauka" yana yin aikinsa ne, la'adarsa yake nema, kuma ba ta fitowa sai an sallama. Wani lokaci gaskiya yake faɗa, kayan su wuce. Tsofaffin 'yan kasuwa sun yarda su rasa ciniki goma masu kyau a kan su faɗa cikin mummuna guda ɗaya, saboda wanda aka rasa riba kawai ya tafi da ita, mummunan kuwa da uwar kuɗi yake tafiya.

Kuɗin wa za a zuba?

A fim Alhaji shi kaɗai ne, kuɗin nasa ne, bakin nasa ne. A Kibiya da wuya ka sami jari mai uba ɗaya. Ka ɗauki mutumin da ke son sayen injin casar shinkafa, ko motar ɗaukar kaya, ko gonar fadama. Ka bincika za ka tarar da kuɗin shanu biyu da aka sayar, da kwasar adashi, da wani abu da yayansa da ke Legas ko Fatakwal ya turo, da amanar wata gwaggo da ta ce a juya mata. Sau da yawa har da sarƙar uwargida, ko kuɗin da ta tara a ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon awaki a cikin gida. Fim kan nuna Hajiya tana jiran a ba ta kuɗin kwalliya, alhali a gidaje da yawa ita ce bankin da ake fara zuwa.

Duk wanda ya sa sisi yana da baki, ko da bai yi magana ba. Shi ya sa ake yin shawarar a zaure bayan sallar isha'i, ko a kan tabarma a ƙofar gida, a kuma koma cikin gida a sake yin ta da murya ƙasa-ƙasa. Kawu zai ce, "Kai yaro, wa zai tsaya maka a kan injin in ka tafi gona?" Tambayar da babu ita a fayil ke nan, kuma ita ce ke kashe injina da yawa. Mahaifiya za ta ce a yi istihara. Malamai kan tunatar cewa istihara tafiya take tare da shawarar masu sani, ba wai a kwanta a jira mafarki ba. Wanda ya yi istihara bai tambayi farashin dizal ba, rabin aikin ya yi.

In kuɗin gida ba su kai ba, sai a dubi banki, a nan kuma akwai abin da ya kamata a sani. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa mai karɓar bashi. Ban da haramcin riba da ke hana mutanenmu da yawa kusantar wurin, lissafin kansa yana da nauyi: sana'ar da ba ta kawo fiye da haka a shekara, banki take yi wa aiki. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, suna bin wata hanya. Su sayi injin, su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. Amma su ma sai sun ga takardu da jingina da mai tsaya maka, kuma ranar biya ba ta san cewa damina ta yi gardama ba.

Akwai tsohuwar hanyar da kakanninmu fatake suka sani, wadda littattafan fiƙihu ke kira ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo ƙarfinsa da saninsa, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. In aka faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Mutane da yawa suna shiga wannan ba tare da sun fahimci rabin ƙarshen ba. Mai kuɗi yana jin cewa uwar kuɗinsa ba ta taɓuwa ko me ya faru, wanda in haka ne to bashi ya bayar, ribar da yake karɓa kuma ta zama abin tambaya. Zumunci da yawa a nan ya tsinke.

Lissafin buhu

Babbar shawarar da aka fi yankewa a ƙasar Rano da Kibiya ba ta da ofis. Da kaka ake yin ta, lokacin da masara da dawa da shanshera da waken suya suka cika kasuwa, farashi ya sauka saboda kowa na son kuɗin biki da na makaranta da na biyan bashin taki. Mai 'yan kuɗi sai ya tsaya yana tunani: in saya in ajiye zuwa bazara ko tsakiyar damina, ko in bar kuɗina a wata sana'a?

A ido abin da sauƙi, ka saya da arha ka sayar da tsada. To a ce mutum ya sayi buhu 100. Kafin ya rufe ƙofar sito ya biya kuɗin buhunan da ɗinki, da 'yan dako sau biyu, da mota, da la'ada, da kuɗin kasuwa. Sannan hayar sito, da maganin ƙwari, da mai gadi. Hatsin da aka saya da ɗan danshi zai bushe ya rage, in kuma danshin ya yi yawa ya yi fumfuna. Ɓera zai ci nasa. In hatsin zai tafi Dawanau, akwai wata motar da wasu 'yan dakon da wani dillalin. Kuɗin kuma sun kwanta wata shida ko bakwai ba su juya ba, alhali mai shago zai iya juya irinsu sau da yawa a wannan tsakanin.

Sai kuma wani ɓarawo da ba ya fasa ƙofa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anarsa, wanda ya sayar da kayansa da ƙarin kashi 20 a irin wannan shekara, naira ta nuna masa riba, amma in ya koma kasuwa zai ga kuɗin sun gaza sayen abin da suka saya a bara. Shi ya sa ƙwararrun 'yan hatsi ba sa ƙirga arzikinsu da naira. Tambayarsu ita ce: bara na shiga kaka da kuɗin buhu 100, bana na nawa zan shiga da su? In 90 ne, an faɗi, ko da asusun banki ya fi na bara kumbura.

Shekarun baya-bayan nan sun koyar da darasi mai zafi a kan wannan. A 2023 da farkon 2024 duk wanda ya ajiye hatsi ya ci riba, har malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka shiga, wasu da kuɗin aro. A watan Fabrairu na 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Yuli na shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150. Waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi, sai suka wayi gari a 2025 farashi na gangarowa, da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Mutanen nan ba su fi na shekarar da ta gabata wauta ba, ba kuma su fi su mugunta ba. Shawara iri ɗaya suka yanke, shekarar ce ta bambanta. Wannan shi ne abin da fim ba ya iya nunawa, domin labari yana son sakamako ya zama hukunci a kan hali. A kasuwa mutumin kirki mai lissafi yakan faɗi, wawa kuma yakan dace, sai dai dacen wawa ba ya maimaituwa sau da yawa.

Wani abin lura, tun da an zo nan: tsakanin ajiyar ɗan kasuwa da ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin yunwa akwai iyaka, addini ya yi magana a kanta, kuma mutanen gari suna gani. Sunan da mutum zai yi a garin da za a binne shi yana cikin lissafi.

Inji ba ya cin alkawari

Daga Rano in ka nufi ɓangaren Bunkure da Kura da Garun Malam, kana cikin ƙasar da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Tumatir a nan har zubar da shi ake yi a lokacin da ya yi yawa, duk wanda ya je Kwanar Gafan da rani ya ga kwanduna jibge. Wane tunani ya fi kafa masana'antar tumatirin gwangwani a wurin? Haka kamfanin Dangote ya yi a Kadawa, aka buɗe ta a 2016, da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana.

A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabta, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masana'antar ta rasa abin markaɗawa ta tsaya. Bayan tsutsar ma wata matsalar ta fito fili. Manomi yana kai wa masana'anta ne in kasuwa ta faɗi, da zarar 'yan Legas sun zo da farashin da ya fi, can zai kai, kuma babu mai ganin laifinsa. Ga shi tumatir na 'yan watanni ne a shekara, inji kuwa da ma'aikata na shekara ne cur. Haka masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa.

In mai kuɗin da ya fi kowa a Afirka, da injiniyoyinsa da masu ba shi shawara, ya yi tuntuɓe a kan tambayar "daga ina kayan za su riƙa zuwa kullum, kuma a nawa?", to mai sayen ƙaramin injin casa a Kibiya ya fi buƙatar ya yi wa kansa ita. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injina manya da ƙanana suka yi ta tashi a Kano, musamman wajen Kura. An buɗe iyakokin a Disamba 2020. Daga baya shanshera ta yi tsada saboda injinan sun fi ta yawa, dizal ya tashi, a watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya. Masu injin da dama suka rage aiki ko suka rufe. Sayen injin shi ne ɓangare mafi sauƙi, shi ne kuma kaɗai ake iya ɗauka a hoto. Kuɗin da za a ciyar da shi wata shida kafin ya fara mayarwa, da makanikin da zai gyara shi, da inda ake samun kayan gyaransa, su ne ke raba mai inji da mai tarin ƙarfe.

Gyaɗa ana ci, auduga ba a ci

Akwai wani tsohon labari na ƙasar nan da ya cancanci a riƙa ba matasa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila, har sun yi tanadi a kan haka. Manoman Kano suka duba suka zaɓi gyaɗa, daga 1912 ta fara cika tashar jirgi, har aka kai ga dalar gyaɗa. Farashinta ya fi, ƙasar ta karɓe ta, ana shuka ta tare da hatsi. Sannan in mai saye bai zo ba, ko ya karya farashi, gyaɗa ana ci, ana matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, harawarta kuma dabba ta ci. Auduga fa? Wannan babbar shawara ce da ta canza tattalin arzikin Arewa, kuma babu wani Alhaji guda da ya sa mata hannu. Dubban magidanta ne kowa ya yi lissafin rumbunsa.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar abin ɗan maƙwabta ne, Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877. Kafin gyaɗa ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin ƙasar Gwanja da Kano, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Lokacin da kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa a 1918, yana da abin da kuɗi ba sa saya a rana ɗaya: yara da wakilai a ƙauyuka, da sanin wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. An fi tuna shi da raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai bankin Turawa a Kano a 1929. Wannan ita ce fitowar da mai fim zai so. Shekaru 30 na tafiyar ƙasa da suka tara kuɗin ba za su yi daɗin kallo ba.

Tambayar manoman 1912 ita ce har yau ke bambanta mai shawara da mai caca: in abin ya ɓaci, me zai rage a hannuna? Wanda ya sayi gona, in noma bai yi ba gonar na nan. Wanda ya sayi shanu zai iya sayar da biyu ya riƙe uku. Wanda ya sayi tsohuwar tirela da duk abin da ya mallaka, ranar da injinta ya buga a hanyar Lakwaja ba shi da komai sai bashin makaniki. Shi ya sa za ku ga mai hankali yana gwadawa da kaɗan: ya yi hayar inji kaka ɗaya kafin ya saya, ya bi motar wani zuwa kudu sau uku kafin ya yi lodin kansa. Ba ya taɓa abincin gida na shekara, ba ya jinginar da gidan da iyalinsa ke kwana. Kuma tun kafin ya shiga yakan sa wa kansa iyaka, ya ce in asara ta kai kaza zan fita. Fitar ita ce mai wuya, saboda kunya. Mutum ya riga ya yi walima, an yi masa Allah ya sa albarka, sai ya ci gaba da zuba sabon kuɗi a bayan wanda ya mutu don kada a ce ya karye.

Akwai kuma abin da babu mai iya hange. Ranar 29 ga Mayu, 2023, jimla ɗaya a jawabin rantsar da shugaban ƙasa ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Duk mai injin ban ruwa da mai mota da ya yi lissafinsa a watan Afrilu, lissafin ya tashi a banza. 'Yan watanni kafin nan canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, a kasuwannin ƙauye aka riƙa karyar da kaya ga duk mai kuɗi a hannu. Ba a iya shirya wa irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake iyawa shi ne a bar wani abu a gefe wanda bai shiga cinikin ba.

Takarda

Abu ɗaya da fim ya yi daidai shi ne biron nan, sai dai a wurinmu shi aka fi mantawa. Ana ƙulla cinikin miliyoyi da musafaha da "Allah ya sa albarka", saboda neman a rubuta kamar zargi ne. "Haba Yaya, ni da kai har sai an rubuta?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutun ba don yau ba ne da kowa ke raye ana dariya. Don ranar da ɗaya ya rasu ne, 'ya'yansa suka zo suna tambaya.

In gona ce ko fili, a ji ta bakin mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa su nuna iyaka. A tambaya ko ta gado ce, in ta gado ce an raba, kuma duk magada, har mata da waɗanda ke nesa, sun yarda? A tambaya ko tana hannun wani a matsayin jingina ko aro. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallakarsu ta gargajiya, don haka takardar cinikin da aka rubuta a zaure mataki ne na farko, akwai sauran tafiya sakatariya.

In haɗin gwiwa ne, a rubuta abin da kowa ya kawo, kuɗi ne ko fili ko aiki. A rubuta yadda za a raba riba da lokacin rabawa, da wanda zai ɗauki asara, da albashin wanda ke tsaye a kan sana'ar in yana da shi, da yadda mai son fita zai fita. A ware aljihun sana'a da na cefane, ko da littafin makaranta ne za a riƙa rubutawa a ciki. Sana'ar da ta fara girma kuma ana iya yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni, tun daga dokar 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Amfanin hakan yakan fito ne ranar rabon gado. Injin casa ko gidan mai ba ya yankuwa gida goma sha biyu, sau da yawa sai a sayar da shi da gaggawa a raba kuɗin, sana'ar ta bi mai ita. In hannun jari ne a rubuce, kowane magaji zai karɓi kasonsa yadda shari'a ta yanka, injin kuma ya ci gaba da juyawa. Takardar a yi ta kwafi uku, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya, na ukun a ajiye wurin liman ko mai unguwar da ya yi shaida.